Dalma da Layin Gidan Iya

'Yata ta fari ba ta taɓa barin abu yadda aka sayo shi ba. Tana shekara shida ta warware agogon bango. Tana tara ta buɗe rediyona ta mayar da shi, ƙusoshi biyu suka rage a tafin hannunta, kuma rediyon ya ci gaba da magana har ya tsufa. Mamanta ce ta laƙaba mata Dalma, saboda duk rigar da za a wanke sai an tsinci guntun dalmar liƙi a aljihunta. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta ɗakin aure.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ana tambayata wace irin mutum ce, ni kuwa ban iya yabo ba. Lissafi na koyar shekara talatin da huɗu, abin da na iya shi ne in faɗi abu yadda ya faru, da ranarsa da sa'arsa. Don haka zan ba da labarin wata guda daga cikin shekara arba'in da ɗaya da ta yi a duniya.

A lokacin muna haya a wani gida mai hawa uku. A ƙasa akwai shaguna biyu, na tela da ɗakin gwajin jini na wani likita. Mu muna tsakiya. A sama mai gidan take, tsohuwar da kowa ke kira Iya. Mijinta ya rasu ya bar mata ginin da layin tarho guda ɗaya. A zamanin, in kana son sabon layi sai ka rubuta takarda ka jira shekaru, saboda haka Iya ta yarda aka ja wa kowa reshe. Lamba ɗaya, wayoyi huɗu. In an kira, duka huɗun ke ƙara. Wanda ya riga ɗauka sai ya buga bututun ruwan da ya ratsa ginin daga ƙasa har sama: bugu ɗaya na tela, biyu na likita, uku namu, huɗu na Iya. Mu da cokali muke bugawa, tela da almakashi.

Bugu huɗu ba a cika jin sa ba. Mutum ɗaya ne ke kiran Iya, ɗanta da ke aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Sai jirgin ya tsaya a gaɓa yake samun waya, wani lokaci bayan mako uku, wani lokaci bayan wata biyu.

Dalma ta gama makarantar koyon aikin lantarki tana da shekara ashirin da biyu. Wani tsohon ɗalibina ya samo mata aikin akawu a wani ofis, aka rubuto takarda cewa ta fara ranar ɗaya ga wata mai kamawa. Na miƙa mata takardar muna cin abincin rana. Ta karanta sau biyu, ta ninke ta huɗu.

"Baba, kujera ce fa daga safe har yamma."

"Kujera ce mai albashi."

"Ni in na zauna awa ɗaya ƙafata barci take yi."

"Sai ki tashe ta. Wa kika taɓa gani ya kira mace ta gyara masa waya?"

"Likita zai kira."

A nan na fara jin matsalar likita. Babban asibitin da yake yi wa gwaji ya ce daga yanzu ta kwamfuta za a riƙa aiko da sakamako, kuma kafin sha biyun rana. Wanda bai iya ba zuwa ƙarshen wata, a ba wani aikin. Likita ya sayo kwamfuta da modem, wato ɗan akwatin da ke mai da rubutu ya zama sauti don ya bi layin tarho. Aikawa ɗaya minti ashirin take ci. Sai dai modem ɗin ba shi da tarbiyya. Lokacinsa na yi zai faɗa layi ko da wa ke kai, ya kama tsuwa. Ranar Talatar da ta gabata, likita na gwada shi da yamma, ya faɗo a tsakiyar hirar Iya da ɗanta. Kiran ya yanke, jirgin ya tashi, yaron bai sake samun waya ba. Iya ta sauko har ƙasa da sandarta, abin da ta shekara ba ta yi ba, ta ce wa likita in abin nan ya sake yi mata ihu a kunne za ta sa a datse reshensa.

"Zan haɗa masa akwatin da zai shiga tsakanin modem ɗin da layi," in ji Dalma. "Ya koya masa sallama."

Muka yi sharaɗi a gaban Mamanta. In akwatin ya yi aiki kafin ƙarshen wata, zan mayar wa tsohon ɗalibina godiyarsa, ta ci gaba da sana'arta. In bai yi ba, ranar ɗaya ga wata ta saka takalmi ta tafi ofis, ba musu. Ranar huɗu ga wata ce.

Teburin cin abincinmu ya koma wurin aiki. Muka riƙa ci da faranti a cinya. Gidan ya cika da ƙamshin dalmar da ke narkewa, Mamanta na buɗe tagogi tana mita, Dalma kuwa tana sunkuye kan wani ɗan allo kore da bai fi tafin hannu ba, harshenta a gefen baki. In ta ga na tsaya kanta sai ta yi mini bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

"Layin waya yana da 'yar wutarsa, Baba. Duba mita." Ta ɗora tsinaye biyu na mitar awon wuta kan wayar, allurar ta tsaya kusa da arba'in da takwas. "Yanzu ɗaga." Na ɗaga kan wayarmu, allurar ta faɗo ƙasa da goma. "Ka gani? Duk wanda ya ɗaga a gidan nan, layin zai faɗa mini. Akwatin zai duba tukuna. In da mutum a kai, modem ya yi haƙuri ya jira. In kuma modem na cikin aiki wani ya ɗaga, wutar za ta sake yin ƙasa kaɗan, akwatin ya ji, ya sauke modem nan take."

"Ko da saura minti ɗaya ya gama?"

"Ko da saura daƙiƙa ɗaya. Mutum ne kan gaba."

Ta nuna mini wani baƙin abu kamar ƙwayar wake mai ƙafafu. Ta ce a cikinsa akwai 'yar fitila da ɗan ido suna kallon juna, babu wayar da ta haɗa su. Da haske layi ke yi wa kwamfuta magana, don kada wutar gida ta tsallaka ta taɓa layin kamfani, ko tsawa ta biyo layi ta ƙone kwamfutar likita. Na ce wannan dabara ce mai kyau. Ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, amma ita ta liƙa, kuma in je in duba ko na ga liƙi mai tsabta irin wannan a cikin rediyona.

Ranar sha ɗaya ga wata aka kai akwatin ƙasa. Gwangwanin biskit ta huda ta saka allon a ciki, don shi ta samu. Rabin farko na aikin ya yi kyau tun ranar. Tela na kan waya yana rantse wa wata mata cewa ɗinkinta saura maɓalli, alhali yadin na ninke bai ga almakashi ba, modem ya jira shi minti sha bakwai bai ce uffan ba. Likita ya tafa hannu ya ce, "Ƙanwata, kin gama da ni."

Ba ta gama ba. Da layi ya zama babu kowa, modem ya shiga ya fara aikawa. Minti shida, akwatin ya yi ƙas, ya sauke shi. Aka soma daga farko. Minti sha ɗaya, ƙas. Aka sake. Minti uku. Har sha biyu ta wuce sakamako bai tafi ba, likita ya hau babur ya kai takardu da hannu. Washegari haka, jibi haka.

Dalma ta ɗauka laifin allonta ne. Ta cire kayan ta sake jerawa, ta canza baƙin waken, ta bi wayar ginin taku-taku tana neman inda ɓera ya ci. Ba ta sami komai ba. Akwatin dai ya nace cewa wani na ɗaga waya, kowa kuma ya ce shi bai ɗaga ba.

Zargi ya faɗa kan tela, kuma ba a banza ba. Kowa a gidan ya san in ya buga wa mutum bututu, hannunsa na nauyin ajiye tasa wayar. Kana magana kana jin numfashi da ƙarar keken ɗinki can ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, ni za ki kalla?" in ji shi da Dalma ta je shagonsa. "Ni da allura a baki, yadi a hannu, da wane hannun zan ɗaga?"

"Da wanda ka ji zancen auren ƙanwar likita."

"Wannan ai iska ce ta kawo."

"To ba ni aron wayar kwana ɗaya, mu ga ko iskar za ta tsaya."

Ya ba ta yana ƙunƙuni. Ta cire tasa, ta cire tamu da ta likita, ta saka su a kwandon wanki. Akwatin ya yi ƙas sau tara kafin azahar. Tela ya karɓi wayarsa kamar wanda kotu ta wanke, ya yini yana tare masu wucewa yana ba su labari.

Wayar Iya ce kaɗai ba a cire ba, kuma babu mai ƙarfin halin cirewa. Dalma ta hau ta tambaye ta ko tana kiran wani da safe. Iya ta ce, "Wa zan kira, ƙawata? Waɗanda na sani duk sun riga ni, kuma can babu tarho." Gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa juya lamba ba.

Ranar sha tara ga wata na ga takardar ofis ta fito daga aljihu ta dawo kan teburi. Na kuma lura Dalma ta goge baƙin takalminta ta ajiye a bakin ƙofa. A nan na gane cewa ba na son in ci wannan sharaɗin.

Makaranta na hutu, saboda haka da ta roƙe ni in zauna kusa da akwatin in rubuta lokacin kowane ƙas, na yarda. Na yi kwana uku ina zama a ɗakin gwajin jini, tsakanin firij da kwalabe, da agogo da littafi. Ranar farko sau arba'in da ɗaya, ta biyu talatin da takwas, ta uku arba'in da huɗu. Akwatin kan yi ƙas duk sa'ar da ya ji an ɗaga, ko modem ba ya kan layi, kuma kowace ɗagawa ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Babu tsari a tazararsu, sai abu ɗaya: daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi babu ko ɗaya, duka kwana ukun. Na zana jadawali, na kawo gida na shimfiɗa, muka duƙufa ni da ita muna maganar zafin rana da kumburin waya.

Mamanta ta zo ɗaukar kofuna, ta leƙa ta kafaɗata.

"Ku da karatunku. Wa ke barci daga biyu zuwa uku da rabi a gidan nan?"

Mu uku muka ɗaga kai muka kalli silin.

Da safe Dalma ta ɗauki mitarta ta hau sama, ta ce za ta duba wayar bango. Abin da ya faru a can ita ta ba ni labari, ta maimaita shi sau da yawa, har na haddace.

Ɗakin Iya ƙarami ne, tsaf. Wayar na kan wani ɗan teburi tsakanin ƙofar kicin da kujerarta, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai saƙa a baki. Iya ta zuba wa Dalma shayi, ta kama ba ta labarin yadda aka gina gidan. Ta tashi ɗauko sukari. Da ta zo wucewa ta gefen teburin sai ta ɗage ƙyallen, ta kai wayar kunne, ta mayar, ta rufe, duk ba ta yanke maganarta ba. Da za ta dawo ta sake. Ta je rufe taga, ta sake. Kafin shayin ya huce, sau huɗu.

"Iya, me kike yi haka?"

"Me na yi?"

"Wayar. Kin ɗaga."

Iya ta kalli hannunta kamar na wani ne. "Au, wannan? Ai ba kira ba ne. Dubawa nake ko tana da rai."

Sai ta ba ta labari. Shekara shida da suka wuce mota ta tsinke wayar a bakin titi, lokacin ba a ja wa kowa reshe ba, ita kaɗai ce. Layin ya mutu kwana goma sha ɗaya ba ta sani ba. Tana zaune gefen waya tana jira, tana cewa yaron ya manta da ita. Shi kuma yana can wata gaɓa, kwana huɗu yana kira, har ya ɗauka ta mutu. Tun daga ranar ba ta wuce teburin nan ba tare da ta saurara ba.

"In na ji uuu ɗin nan, hankalina ya kwanta. Kwanakin nan ma wani lokaci tsiit nake ji kamar ɗan tsuntsu. In ce to, ko ma mene ne, tana numfashi."

Dalma ta sauko tana dariya har da riƙe bango, idonta kuma da ƙwalla. Ta ce, "Baba, akwatina lafiyarsa lau. Sau arba'in a rana yana tashi ya ba Iya wuri."

Likita ya ga abin da sauƙi. Ya ce a saka makunni a ƙasa, a kashe reshen sama minti ashirin kullum, Iya ba za ta sani ba.

"Za ta sani a ɗagawar farko," in ji Dalma. "Ta ji shiru, ta sauko da sanda. Ka bar ma wannan. In ta faɗi a ɗaki ta jawo waya ta ji babu kowa fa? Layinta ne, Likita. Mu ne baƙi."

"To a roƙe ta ta daina."

"Ba ta san tana yi ba. Yaya za ta daina?"

Saura kwana shida. Ta koma kan teburi, ta jawo wata takarda da ke kusa ta fara zane a bayanta. Kwana biyu ta yi. Abin da ta haɗa bai kai kwalin ashana biyu ba: batir irin na tocila, 'yan kaya kaɗan, da koriyar fitila ƙarama a sama. Yana jin wutar layi ba tare da ya sha abin da kamfani zai lura ba. In layi na da rai babu kowa a kai, fitilar na ƙiftawa a hankali. In wani na kai, mutum ko modem, ta ƙifta da sauri. In layi ya mutu, ta mutu.

Na raka ta kai wa Iya. Ta ajiye shi gefen wayar, ta yi bayani dalla-dalla. Iya ta saurara, ta gyaɗa kai, ta kalli fitilar na ƙiftawa, sannan ta ɗage ƙyalle ta ɗaga waya.

"Iya!"

"To ta yaya zan san fitilar ba ƙarya take yi ba?"

Dalma ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kin yi gaskiya. Bari in kashe layin a gabanki, da izininki." Ta sauka ƙasa inda wayar kamfani ta shigo ginin. Aka tsayar da tela a matakala don ya riƙa isar da saƙo, aikin da ya dace da shi. Ya ɗaga murya: "Ta cire!" Fitilar ta mutu. Iya ta ɗaga waya, shiru. Na ga yadda fuskarta ta canza, duk da ta san wasa ne. "Ta mayar!" Fitilar ta dawo, uuu ya dawo.

"A sake," in ji Iya.

Sau biyar aka yi. A na shida ta ce a cire kada a faɗa mata, ita za ta faɗa. Ta juya kujerarta ta zuba wa fitilar ido. Da ta mutu ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Yanzu." Tela ya leƙo ya ce wallahi yanzun nan ne. Iya ta yi dariya har haƙoranta uku suka fito.

Duk da haka hannu ya riga ya saba. Washegari na ƙirga ƙas goma sha huɗu, jibi biyar. Iya da kanta ta nemo magani: ta ɗora tsohon dutsen guga na gawayi kan ƙyallen wayar, ta ce kafin ta ɗaga wannan nauyin za ta tuna. Dalma kuma ta tambaye ta lokutan da ɗanta ya taɓa kira. Iya ta lissafo su tun na shekara uku, duk bayan la'asar ne. Aka tsayar da aikawa ƙarfe goma na safe, don kada ya taɓa kira ya tarar da modem a kai.

Ranar talatin ga wata muka taru a ɗakin gwajin jini, ni da Mamanta da likita da Dalma. Ƙarfe goma daidai modem ya shiga. Ina riƙe da agogo. Minti biyar. Minti goma. Likita ya daina zagaye ya zauna. Minti sha huɗu, akwatin ya yi ƙas.

Dalma ta kalli silin, ta kalli ƙasa. Sai muka ji murya ta bango, daga shagon da ke maƙwabtaka: "Hajiya, wallahi saura maɓalli kawai."

Likita ya miƙe zai fita, Dalma ta riƙe masa hannun riga. "Bar shi. Mutum ne ya ɗaga. Ka tsaya ka gani." Tela ya yi minti takwas yana rantsuwa. Da ya ajiye, akwatin ya saurara, ya tabbatar babu kowa, ya mai da modem layi da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ƙarfe goma da minti arba'in da uku kwamfuta ta rubuta cewa saƙo ya isa. Daga sama babu ƙas ko ɗaya.

Mamanta ta riga mu hawa sama. Da muka hau, baƙin takalmin ba ya bakin ƙofa, ta mayar da shi ƙarƙashin gado. Da yamma na je gidan tsohon ɗalibina na yi masa godiya, na ba shi haƙuri.

Bayan kwana tara muka ji bugu huɗu a bututu. Iya ta ƙarar da rabin kiran tana ba ɗanta labarin fitila.

Likita ya gaya wa wani likitan, wancan ya gaya wa mai kantin magani. Iya ta ba Dalma lungun ƙarƙashin matakala, ita kuma ta kafa teburi da kujera mai ƙafa uku da ba ta taɓa zama a kai ba. Akwatunan da ta haɗa sun kai ɗari shida da 'yan kai, na farko-farko duk a gwangwanin biskit, har sai da yaran unguwa suka gaji da biskit. Duk inda za ta saka akwati, kafin ta buɗe jakar kaya sai ta nemi a ba ta shayi ta zauna awa guda tana kallon yadda mutanen gidan ke yi da wayarsu. Ta yi aure, ta haifi biyu. Da wayar hannu ta zo layukan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, na ɗauka za ta damu. Ta ce ai yanzu kowace Iya na da fitilarta a aljihu, ta koma haɗa wutar rana. Iya ba ta ga wannan zamanin ba. Ta rasu layinta na da rai.

Ciwon Dalma mako uku ya yi. Ba zan yi bayaninsa ba.

Ranar uku da rasuwar, falonmu cike da masu gaisuwa, tela ya shigo. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya yi addu'a, ya zauna, ya share ido, sai ya kama ba mutane labarin yadda Injiniya ta taɓa zarginsa a banza, ta saka wayarsa a kwandon wanki.

"Ni kuwa ban taɓa sauraron hirar kowa ba," in ji shi. "Allah ya jiƙanta, yarinya mai kunya. Ranar da mijin nan nata ya fara kira, sau uku yana tambaya ko tana son sa, ita kuwa sai bayanin batir take yi masa."

Mijinta ne ya fara dariya, fuskarsa a cikin tafin hannu. Mamanta ta biyo, sannan ɗakin gaba ɗaya. Tela na ta waige-waige yana tambaya me ya faɗa.

Da muka zo kwashe kayan aikinta, a ƙasan jakar na sami wata takarda a ninke huɗu, ta yi laushi kamar ƙyalle. Takardar ofis ce, da hatimi da ranar ɗaya ga wata. A bayanta zanen fitilar Iya ne, da fensir, an goge an sake a wurare uku. Na bi lissafin da ke gefe layi-layi, kamar yadda na saba bin na ɗalibai. Babu kuskure. A ƙasa ta rubuta ƙanana: batir ya kai wata takwas, a tuna a canza wa Iya kafin ya ƙare. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin "kafin".

Allah ya haskaka mata inda take kwance.